Shekarar da Na Sa Igiya a Filin Kalankuwa

Sana'ata saye da sayar da hatsi. Da buhu ɗaya na fara, a bayan keke, daga ƙauyukanmu zuwa bakin titi, yau kuma Allah Ya sa motoci nake lodawa zuwa Funtua. Ban iya kiɗa ba, ban iya rawa ba, ko tafi na yi sai ya saɓa da na mutane. Abin da na iya shi ne kada a shigo mini da buhun da ban zura hannu har tsakiyarsa ba. Irin wannan mutum aka damƙa wa kalankuwar garinmu a shekarar da aka dawo da ita, kuma saura ƙiris in kashe ta da hannuna.

Garinmu ƙarami ne, yana gefen hanyar da ta fita Dayi. Ba mu da babbar kasuwa, ba mu da wani abin da zai sa matafiyi ya ratse. Kalankuwa kaɗai gare mu. In an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, an tsince auduga, sai a yi yini guda ana shagali a babban filin da ke gabas da gari. Garuruwa da yawa suna yin nasu wasan kaka, amma namu ya fi tara jama'a saboda abu ɗaya: ba a gayyata, ba a kuma tambaya. Duk mai abin nunawa sai ya zo ya nemi wuri ya shimfiɗa. 'Yan dambe da 'yan kokawa, masu kalangu, masu gurmi, 'yan kama, mata masu kiɗan ƙwarya, masaƙa da masassaƙa da kayansu a jere. Daga baya aka samu samari masu fiyano da janareto, da 'ya'yan Ibo da Yarabawa haifaffun Funtua masu rawar ƙungiya, waɗanda in suna tsokanar juna da Hausa ba ka raba su da 'yan garinmu. Wani ya tara mutane, wani kuma akuyoyi kaɗai za su kalle shi har ya gaji. Ba mai hana shi.

Asalin abin daga bakin mahaifiyata na ji shi, Allah Ya jiƙanta. Ta ce a zamanin da auduga take da daraja, hukuma kan yi nunin amfanin gona a wannan fili. A kafa rumfa, a jera kujeru, a kira makaɗa biyu ko uku da manya suke so. Wata shekara wasu makaɗa suka ji labari, suka tako da ƙafa daga nesa, aka ce ba a san da zuwansu ba, aka kore su daga bakin rumfa. Ba su yi gardama ba. Suka koma gindin wata ɗorawa da ke ƙarshen fili don su huta kafin su juya. Wata mata ta kawo musu ruwa a tulu, sai ɗayansu ya ce tunda sun sha ruwan gari, bari su gode wa mai ruwan. Suka fara kiɗa. Kafin la'asar duk jama'ar da ke gaban rumfa ta koma gindin ɗorawa, aka bar manya da kujerunsu. Da shekara ta zagayo masu zuwa ba kira suka ƙaru. A hankali nunin amfanin gona ya mutu, ɗorawa ta ci gaba da tara mutane.

Daga nan aka samo al'adar buɗe fili. Ana share gindin ɗorawa, a ajiye tulun ruwa da moɗa, a bar wurin ba kowa. Wanda zai fara wasa a ranar shi ne baƙon da ba wanda ya kira shi. Ya sha ruwa, ya yi nasa, sannan sarkin makaɗan gari ya buga ganga, kowa ya kama wasansa. Na san wannan tun ina yaro. Sai dai ban taɓa ganin an jira baƙo ba, domin kafin rana ta fito akwai mutum biyar shida a gindin bishiyar suna musun wanda ya riga zuwa. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar abin a matsayin sharaɗi ba. Na ɗauka ado ne.

Sai zaman lafiya ya yi mana wuya. 'Yan bindiga suka fara tare hanya, suna ɗaukar mutane daga gonaki. Shekara huɗu ba a yi kalankuwa ba. Ciyawa ta rufe filin, mutane suka fara sintiri ƙofar mai gari suna cewa a yanka shi fuloti-fuloti. Ba zan ɓoye ba, ni ma na taka wurin na auna da ido inda sito zai zauna. Yana kusa da hanya, babbar mota za ta juya ba wahala.

Da abubuwa suka ɗan lafa, sarkin makaɗa ya zo ya same ni a shago. Abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa, ya tsufa har sai an riƙe masa hannu in zai hau babur.

"Kai hukuma take saurara," ya ce. "In na je za su ba ni kujera da ruwan sanyi. In ka je za su ba ka takarda."

Na yarda. Rabi kunyarsa ce, rabi kuma lissafin ɗan kasuwa: garin da ba a zuwa, hatsinsa ma ba ya daraja. Muka je gaban mai gari. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya yanke magana a gaban fadawansa.

"A gwada bana. In an buɗe an tashi lafiya, fili ya zauna yadda yake. In ba a yi ba, ko aka yi aka samu hargitsi, masu awon fili za su shiga, kuma kada wani ya sake zuwar mini da maganar."

Hukuma ma ta ba da izini da sharaɗinta: ƙarfe biyar na yamma kowa ya watse, don baƙi su isa gida da hasken rana. Ni na sa hannu.

Sai na kama aiki yadda na saba. Na buɗe littafi na rubuta sunan duk wani mai wasa da aka sani, daga Tsiga zuwa Mahuta zuwa cikin Malumfashi. Na kira kowa a waya da bakina. Wanda ba shi da waya na aika masa. Na sa aka buga kati, kowane mai wasa da nasa, kuma sai wani ɗan gari ya tsaya masa kafin a ba shi. Na sa aka yi shela a kasuwanni: bana ba kati ba shiga fili da kayan wasa. Na raba filin da toka, kowa da lambarsa, kamar yadda nake jera buhuna. Ana gobe za a yi, na sa aka kafa turaku aka zagaye filin da igiya, aka bar ƙofa ɗaya. Gindin ɗorawa kuwa ni da kaina na tsaya aka share shi, na sayi sabon tulu. Har ina jin daɗin cewa ban taɓa al'ada ba.

Baba bai zo filin ba a kwanakin nan, ƙafa ta hana shi. Tambaya biyu kaɗai ya aiko mini da ita: an share gindin ɗorawa? An sa tulu? Na ce an yi duka.

Tsaron ƙofa na ba shugaban 'yan sintirin garinmu, wanda muke kira Kwamanda. Manomi ne, ba mai yawan magana ba. An ɗauki ƙaninsa daga gona shekara biyu kafin nan, har yau ba a gan shi ba. Na san ba wanda zai wuce shi da daɗin baki.

Ranar ta zo. Da hantsi filin ya cika fiye da yadda na zata. Kowa yana kan lambarsa, 'yan dambe sun naɗe hannu, masu fiyano sun ja wayoyinsu, mai gari da baƙinsa suna ƙarƙashin rumfa. Na duba littafi, kusan kowa ya zo. Na taka zuwa inda Baba yake zaune a tabarma, gangarsa a gabansa lulluɓe da farin ƙyalle.

"Baba, an shirya. Bismillah."

Bai dube ni ba. Ɗorawa yake kallo.

"Wa ya sha ruwa?"

Na waiwaya. Tulun yana nan, moɗa a kife a bakinsa, ƙasa a share har ana ganin sawun tsintsiya. Ba kowa.

"Ai duk sun zo, Baba. Ga su nan cike da fili."

"Waɗannan kai ka kira su."

"Ni na kira su."

"To baƙon fa?"

A nan na gane abin da na yi. Na share wa baƙo wuri, na sa masa ruwa, sannan na tsayar da mutum da sanda a ƙofa don kada ya shigo.

Na durƙusa na rage murya. Na ce masa bana shekara ce ta daban, a yi haƙuri a buga, baɗi a gyara. Ya ce shi ba ya da ikon haƙurin. Ya ce ubansa ya karɓi gangar da wannan sharaɗi, shi ma haka ya karɓa, in ya buga ba baƙo to biki ne kawai irin na kowane gari, kuma bikin kowane gari bai cancanci a hana mutane fulotinsu saboda shi ba. Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce.

Ɗan kasuwa ba ya rasa dabara. Na nemo wani ɗan kama daga Tsiga, mai surutu, na ja shi gefe na karɓe katinsa, na ja layi a kan sunansa a littafi. Na ce ya zagaya ta bayan rumfa ya zo gindin ɗorawa kamar yanzu ya iso. Ya zo yana ɗingishi, yana share gumi, har da tambayar ko nan ne garin. Ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa, Baba ya ce ya dakata.

"Malam, wa ya kira ka?"

Ɗan kaman ya dube ni, ya dubi tsohon. Ƙarya sana'arsa ce, amma ba a gaban wannan ganga ba.

"Alhaji ne, Baba. Sau uku. Har lafiyar iyalina ya tambaya, abin da bai taɓa yi ba tun da nake sayar masa da waken suya."

Na kusa da mu suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Rana ta yi tsaka. Mutane sun gaji da tsayuwa, 'yan damben gabas da na yamma sun fara jifan juna da maganganun da ba na wasa ba. Samarin fiyano suka aiko cewa su za su kunna, ganga ta same su a hanya. Tsofaffin makaɗa suka aiko cewa duk wanda ya kunna kafin ganga, su za su naɗe kayansu su tafi. Na san in suka tashi, rabin fili zai bi su. Sau biyu mai gari ya aiko a tambaye ni me ake jira.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne raɗe-raɗi. Wata mai sayar da ƙosai ta tsayar da ni ta ce, "Alhaji, gaskiya ne an ce an ga babura a daji, shi ya sa ba a fara ba?" Na ce ƙarya ne. Na ga ba ta yarda ba, ta fara haɗa kwanukanta. Na dubi jama'ar nan, na dubi igiyar da na zagaye su da ita, da ƙofa ɗaya da ba ta fi mutum uku su jera ba. In wani ya yi ihu sau ɗaya, ba sai ɗan bindiga ya zo ba, da ƙafafunmu za mu tattake juna.

Na je ƙofa wurin Kwamanda.

"Tun safe ba wanda ya zo ba kati?"

"Ai shelarka ta kai ko'ina, Alhaji. Mutum ɗaya ne kawai. Na mayar da shi."

"Wane ne?"

"Abin da na tambaye shi ke nan. Ya ce a nan ba a tambaya. Na ce daga ina, ya ce a nan ba a tambaya. Dogo ne, irin mutanen ruga, da jaka a rataye. Ya ce sarewa yake busawa."

"Ina ya nufa?"

"Hanyar Dayi, da ƙafa." Ya dube ni. "Kada ka ce abin da nake jin za ka ce."

Na ce masa igiyar nan za ta sauka, kuma in mutumin ya dawo za a bar shi ya shiga.

"Alhaji, kai ka san yadda suke yi. Su turo mutum ɗaya ya zo kallo. Ya ga wa ke da babbar riga, wa ya zo da mota, gidan wa ke bakin gari. Bayan sati biyu a zo. Kuma a filin nan ba wanda za a fara nunawa sai kai."

"Na sani. Ka laluba jikinsa, ka juye jakarsa, duk abin da ka ga bai kwanta maka ba ka riƙe. Amma kada ka tambayi sunansa ko garinsu."

"In wani abu ya biyo baya fa?"

"Ni na sa hannu."

"Hannunka ba zai dawo wa kowa da ɗan'uwansa ba."

Can ya ce shi ba zai kwance igiya ba, wanda ya ɗaura shi zai kwance. Na tuɓe babbar riga na ba wani ya riƙe, na bi turaku ɗaya bayan ɗaya ina kwancewa, jama'a suna kallona. Na ɗauki lasifika na gaya musu gaskiya: ba wani labari daga daji, kuskurena ne, baƙo ake jira. Tsofaffi suka gane nan take. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Ashe shi ya sa."

Zan hau babur sai Baba ya sa aka kira ni.

"Ina za ka?"

"Zan ɗauko shi."

"In ka ɗauko shi, ka kira shi. In ka ce masa ya zo, ka kira shi. Ko da ido ka roƙe shi, ka kira shi."

"To me zan je yi, Baba?"

"Kai ka kore shi. Ka je ka ba shi haƙuri. Saura ba naka ba ne."

Ni kaɗai na tafi, bayan na yi azahar a gurguje. A bakin titin Dayi na same shi, zaune a benci kusa da mai sayar da rake, yana jiran mota. Ba sai an nuna mini shi ba. Zai yi shekara hamsin, siriri, takalmin roba a ƙafarsa, jaka a cinya. Na yi sallama na zauna a ɗaya gefen bencin. Ya amsa ba tare da ya juyo ba.

"Malam, ni ne na sa igiya a filin kalankuwa. Wanda ya mayar da kai umarnina ya bi. Na zo ba ka haƙuri."

Sai yanzu ya dube ni, tun daga hula har takalmi.

"Na san ka. Kai ne mai siton da ke bakin hanya, mai jan ƙofa."

Maganar Kwamanda ta dawo mini gaba ɗaya. Na riƙe fuskata yadda nake riƙe ta in ana ciniki.

"Ni ne."

"Ka taɓa sayen masara a hannuna. Ka zura hannu har gwiwar hannu, ka ce da danshi." Ya mayar da ido kan titi. "Da danshin kuwa."

Ban tuna shi ba. Tambaya ta zo har bakina, a wace kasuwa, daga wane gari, na haɗiye ta.

"Ubana ya sha ruwan tulun nan sau biyu," ya ce. "Ni nake riƙe masa jaka. Da na ji an dawo da wasa, na ce bari in zo in busa masa ko kaɗan. An gaya mini maganar kati. Na ce wannan sai dai a wani gari."

"Laifina ne."

"An buɗe fili?"

"Ba a buɗe ba."

Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Wata bas ta tsaya, kwandasta yana kiran Malumfashi. Mutumin ya dube ta, ya gyara jakarsa. Na ji kamar in kama rigarsa. A rayuwata ban taɓa zama kusa da abin da nake so haka ba kuma in kasa tayawa.

"Alhaji, ka zo kira na ne?"

"A'a. Na zo in gaya maka na kwance igiyar. Za a laluba ka a bakin fili, ba za a tambaye ka komai ba. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, akwai waɗanda ba za su yi murnar ganinka ba."

"To na ji."

Na tashi na hau babur. Wurin zama a bayana ba kowa, tafiyar da zai yi awa guda yana yi da ƙafa ni minti goma ce gare ni. Ban waiwaya ba, don haka ban san ko ya shiga bas ɗin ba.

Da na koma wasu sun fara tafiya. Mai gari ya kira ni gaban rumfa.

"Alhaji, ƙarfe nawa?"

"Biyu ta wuce, ranka ya daɗe."

"In aka kira la'asar ba a buɗe ba, zan tashi. In na tashi ka san abin da ya rage."

Na koma kusa da Baba na zauna a ƙasa, ina fuskantar hanya. Ba abin da zan saya, ba wanda zan aika. Ƙarfe uku ta yi. 'Yan rawar Funtua suka fara tuɓe kayan rawarsu. Ɗan kaman Tsiga ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce in na so zai koma gida ya yi fushi da ni, baɗi ya zo ba kira. Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Uku da kusan rabi aka hango shi, shi kaɗai a gefen hanya, ba ya sauri. Surutu ya ɗauke daga bakin fili ya yi ta ɗaukewa har cikin rumfa. Kwamanda ya tare shi. Mutumin ya ɗaga hannuwa, aka laluba shi, aka juye jakar a ƙasa: sarewa, goro biyu, wata tsohuwar hula, da ƙaramar wuƙa irin ta gyaran kara. Na ji wani daga baya ya ce, "Infoma ne." Wani ya maimaita. Na ga wani saurayi ya sunkuya kamar mai neman dutse.

Kwamanda ya ɗauki wuƙar ya juya ta a hannu. Ya dubi mutumin, ya daɗe yana dubansa. Na ga leɓensa ya motsa, na tabbata tambayar ce za ta fito.

"In za ka fita ka karɓa," ya ce, ya sa wuƙar a aljihu.

Sannan ya juya ya dubi saurayin nan har ya miƙe tsaye hannu wayam. Mutumin ya kama hanyar ɗorawa ta tsakiyar jama'a, Kwamanda yana bayansa taku biyu da sandarsa. Har yau ban san ko tsare mu yake daga mutumin ba, ko tsare mutumin yake daga gare mu. Na taɓa tambayarsa, ya ce shi ma bai sani ba.

Baƙon ya tsuguna, ya ɗauki moɗa ya sha, ya sake ɗiba ya sha. Ya goge baki, ya kafa sarewa. Ba zan ce muku busar ta yi daɗi ko ba ta yi ba, ni ba masani ba ne. Muryarta siririya ce, numfashinsa ma bai dawo daidai ba saboda tafiya, sau ɗaya har ya tsaya ya sake kamawa. Bai fi minti uku ba. Amma a filin da ya cika haka, ba ka jin komai sai ita da kukan wani jariri can nesa.

Da ya sauke, Baba ya yaye ƙyallen ya ɗauki makaɗi. Bugun farko ma bai fita sosai ba. Na biyu ya fita. Kafin na uku kalangu sun amsa, janareto ya tashi, mata sun kifa ƙwarya a ruwa, fili ya rikice yadda na san shi tun ina yaro. Ba wanda ya tsaya a lambarsa. Kafin a kira la'asar an tattake tokar da na zuba gaba ɗaya.

Wasan da aka saba yini ana yi, awa ɗaya da 'yan mintuna aka yi, har da tashi salla a ciki. 'Yan dambe turmi bibbiyu suka samu, suka tafi suna ƙorafi. Ƙarfe biyar na ɗauki lasifika na sallami jama'a, aka watse ta ko'ina tunda ba igiya. Da mai gari zai shiga mota ya ce mini, "An buɗe, an tashi lafiya." Bai ƙara komai ba.

Na nemi baƙon ban gan shi ba. Ba wanda ya lura da lokacin da ya fita. Wuƙarsa ma bai karɓa ba.

Na yi makonni ina waiwaye in zan rufe sito, ina canza hanyar komawa gida. Ba abin da ya same ni. Ba na cewa wannan ya nuna ko wane ne shi, domin ban sani ba, kuma na daina ƙoƙarin sani.

Filin yana nan. Ana laluba mutane a bakinsa har yanzu, wannan kam ban bari an daina ba, amma ba kati, ba littafi. Kowace shekara Kwamanda yakan zo da wuƙar nan ya ajiye ta kusa da tulu, in an tashi ya mayar aljihu. Sabon sitona kuma a yamma da gari na gina shi, a wani lungu da duk direban da ya zo sai ya yi ribas sau uku yana zagina a ransa.